Baba da Baturanshi

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Baba ya riga mu tafiya ranar wata Talata bayan azahar, a ɗakinshi na gidanmu da ke Ƙofar Sauri. Kafin magariba an kai shi makwanci an dawo, aka shimfiɗa tabarmi, maza a ƙofar gida, mu mata a tsakar gida.

Ni ce ɗiyarshi ta fari. Na faɗi wannan tun da wuri ne saboda a zaman makokin nan kamar mutane sun manta. Mace za ta yi sallama, ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Hajiya, ya haƙuri? Allah ya ji ƙan Malam, ya sa ya huta." Ta juyo wurina ta ce, "Ya muka ji da haƙuri?" In ce da godiya. Daga nan sai ta ja jiki ta wuce wurin ƙanwata, ta kama hannuwanta biyu, ta zauna sosai. A nan ake yin kukan. "Ke aka yi wa mutuwa, 'yar nan. Ke kika yi rashin uba."

Ƙanwar nan tawa ɗiyar Baffa ce, ƙanen Baba. Baffa ya rasu tana ƙarama, aka kawo ta gidanmu riƙo, muka tashi ɗaki ɗaya. Ba na musun maraicinta, ta rasa uba sau biyu. To amma ni fa, daga sama na faɗo? Gwaggo, yayar Baba, tana gefena tana jan carbi, sai ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Saki fuskarki, ana kallonki."

"Gwaggo, makoki ake yi. Dariya zan yi?"

"Wannan ba fuskar makoki ba ce. Na san ta tun kina goye."

Gaskiya ta faɗa. Kishi nake yi, gawar ubana ba ta kwana a ƙasa ba ina kishi, kuma ba zan yi wa mamaci ƙarya in ce ba haka ba ne.

Washegari masu hoto suka zo. Baba mai hoto ne, shagonshi na kusa da Babbar Kasuwa, kuma duk wanda ya rataya kyamara a garin nan ya san shi. Wani dattijo daga unguwar Kambarawa, wanda suka yi shekaru suna ƙwace wa juna aiki, ya nemi izini ya shigo ya gaida Inna. Ya zauna bakin ƙofa yana share ido da gefen rawani ya ce, "Hajiya, mutumin nan ya rufa mani asiri. An ɗaura aure, ango ya miƙe za a gaisa, kyamarata ta ɗauke ɗif. Ban ce uffan ba, gumi kawai nake yi. Sai na ji hannu cikin aljihuna. Malam ne ya sa mani batir ya wuce, bai ko dube ni ba. Kuma wallahi aikin nan ni na ƙwace mashi shi."

Bayan shi wasu suka biyo, tsofaffi da matasa, kowa da irin labarinshi. Wannan an ara mashi a wurin walima, wancan a wurin suna, wancan kuma a filin makaranta ranar yaye ɗalibai. Inna na ta cewa, "Allah sarki, halinshi ne." Ni kuwa ina zaune ina saurare. Ni ma mai hoto ce, sana'ar da nake ci da ita ke nan. Duk garin nan Baba ya miƙa wa batir, har abokan hamayyarshi, amma ni bai taɓa sa mani ko ɗaya a tafin hannu ba. Abin da na so daga gare shi ke nan tun ina yarinya, ya miƙo mani da hannunshi.

Wanda bai san Baba ba zai ce mi ye abin damuwa a batir. To, a gidanmu batir ba ƙaramin mutum ba ne.

Baba ya fara hoto tun zamanin fim. Da kyamarori masu memori suka shigo, da ƙyar ya yarda ya saya, yana ta tsaki. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne, da can in fim zai ƙare mutum yana gani, yana lissafe da shi. Yanzu kuwa kyamara za ta nuna maka akwai sauran caji, kan ka ce kwabo ta mutu. Yakan ce, "Batir ba ya mutuwa a gida, sai a gaban mutane." Kuma yakan ce, "Amarya ba ta sake fitowa don batirinka ya mutu." Duk wanda ya zauna shagonshi ya haddace waɗannan biyun.

Rigunanshi duk aljihu biyu telanshi ke yi masu, masu zurfi. Na dama na batura masu caji ne, na hagu na waɗanda suka gaji. Ko cikin cunkoso, ko ido rufe, ba ya haɗa su. Kowane batir yana da alama ta jan farce, ɗigo ɗaya, ɗigo biyu, ɗigo uku, gwargwadon shigowarshi gidan, don ya riƙa juya su kada ɗaya ya sha wahala sauran suna kwance. Jan farcen na Inna ne, wanda wata ƙawarta ta kawo mata tsaraba. Ta yi ta neman kwalbar, sai bayan an daɗe ta gan ta cikin akwatin kyamara. Ta ce, "Malam, ashe kai ne ɓarawon?" Ya ce, "Ke kina sallah da shi ne? Na taimake ki."

Ba ya barin batir ya kwana cikin kyamara. Ba ya barin shi a rana, balle cikin akwatin babur. Gwangwanin alawa gare shi mai murfi, a bayan randar ɗakin Inna inda ƙasa ke da sanyi, nan suke hutawa, kowanne cikin 'yar ledarshi don kada bakinsu ya taɓa makulli ko kwabo. In ya yi zargin wani ya fara kumbura, sai ya ɗora shi kan tebur ya murza da yatsa. In ya juya kamar katantanwa, an gama da shi, ya yi ciki. Irin wannan ba ya ara wa kowa, ko roƙonshi aka yi. In kuma zai sayi sabo, sai ya auna shi a tafin hannu, ya auna tsohon a ɗaya hannun, ya dubi mai shago ya ce, "Wannan iska ka cika mashi?"

Sai maganar wuta. In aka kawo wuta a unguwarmu yara na ihu a waje, mu a gidanmu gudu muke yi mu cire duk abin da muka jona, don soket ɗin kirki ɗaya ne kuma na baturan Baba ne. Na tuna wata Juma'a Inna ta jona dutsen guga za ta goge mashi babbar riga. Ya shigo ya zare, ya jona caja. Inna ta ce, "Malam, rigarka ce fa." Ya ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya. Gobe akwai biki." Ta ce, "To baturan su je maka masallaci." Haka ya tafi Juma'a da riga a yamutse, ko a jikinshi. Suka yi kwanaki Inna ba ta kula shi, in ta kawo tuwo sai ta ajiye gaban gwangwanin ta ce ga abincin masu gida nan.

Mutum ne mai barkwanci, kowa ya shaida. Da kowa yake yi, ban da ni. Ni ɗiyar fari ce, kuma Baba mutumin da ne, mai kunyar ɗan fari ta gaske. Bai taɓa kiran sunana ba. "Ke" ne, ko "waccan", ko in yana magana da Inna ya ce "yarinyar nan taki". In na shigo ɗaki yana dariya, sai dariyar ta tsaya. Ƙanwata kuwa marainiya ce, ɗiyar ɗan'uwa, amana. Ita ake ɗorawa kan cinya, ita ake kira Auta, ita ake sayo wa rake. Kowa ya ce mani kara ce, haka mutanen kirki ke yi, naka ka ture shi ka jawo na ɗan'uwanka. Na sani. Sanin bai taɓa rage mani komai ba.

Da muka tasa, Baba ya ga ana asarar aiki, don namiji ba ya shiga cikin gida wurin kamu da wunin mata. Sai ya koya mana hoto mu biyu. In za mu shiga biki, a zaure zai tsaya ya rataya mani kyamara ba tare da ya dube ni ba, sannan ya ciro batura daga aljihun dama ya sa wa ƙanwata a hannu, ya dunƙule mata yatsu a kansu ya ce, "Auta, riƙe da kyau." Da farko murna nake yi, ni ce mai kyamara, ita 'yar rakiya. Sai a hankali na gane. Kyamara Baba na iya ba kowa ya riƙe, har ɗan acaɓan da ya kawo mu yakan riƙe mashi. Batir ne ba ya ba sai wanda ya yarda da shi. In nawa ya yi ƙasa, sai in waiga in nemi ƙanwata cikin mata, in miƙa mata hannu kamar mai bara.

Har muka yi aure, kowa ta sayi kyamararta, irin ta Baba sak, don batura su zo ɗaya. Nan ma ba ta sake zani ba. Ita takan biya ta shago kafin ta tafi aiki, ta fito da guzuri a jaka. Ni in na biya, gaisuwa ce, "Lafiya lau, ya yaran?" shi ke nan.

Rigimarmu da Baba ɗaya ce tak, kuma a kan wannan ne. Wani biki ne a Kambarawa. Dangin amarya suka ɗauke ni, dangin ango suka ɗauki ƙanwata, Baba kuma yana waje wurin maza. Kwana biyu ba wuta a unguwarmu, mai cajin da na kai wa baturana kuma injinshi ya lalace, na karɓo su rabi da rabi. Na yi ta lallaɓawa, ina kashe kyamara ina kunnawa, har aka zo fito da amarya. Ana guɗa, an ɗaga mayafi, na ɗaga kyamara, ta yi ƙyaf ta mutu. Na ratsa mata na fito zaure da gudu, na tarar da Baba zaune cikin dattawa ana raba goro. Na durƙusa na ce a hankali, "Baba, batirina ya mutu."

Bai dube ni ba. Ya dubi bango ya ce, "Mai hoto ba ya zuwa biki da rabin caji."

Wani dattijo ya ce, "Haba Malam, ɗiyarka ce fa." Sai Baba ya ƙara sunkuyar da kai, ya shiga ɓare goro. Ina ganin aljihun dama ya yi nauyi, ya ja rigar gefe guda. Na tashi na koma ciki, idona ya rufe.

Ban daɗe da shiga ba sai ga ƙanwata tana kutsowa, ta miƙo mani batir mai ɗigo biyu. "Yaya, ga shi." Na ce ta riƙe abinta, ba sadaka na zo nema ba. Da wayata na ƙarasa aikin nan, hotuna suka fito dishi-dishi, uwar amarya ta yi mani tatas, kuma gidan ba su sake kirana ba.

Da yamma na je gida na sami Gwaggo na zazzage mata. Ta ce, "Ke wawuya ce? Shi ya kira ta ya ba ta ya ce ta kai maki. A gaban dattawa kike so ya nuna ɗiyar fari?"

Na ce, "Ya sha ba abokan hamayyarshi a gaban dattawa."

"Abokan hamayyar shi ya haife su?"

"To ni laifina ke nan, da ya haife ni?"

Baba yana ɗaki yana jin mu. Na san yana ji, don rediyonshi ya yi shiru. Na ɗaga murya yadda zai ji da kyau na ce ni ba ta hannun kowa nake so ba, in zai ba ni ya ba ni, in ba zai ba ni ba ya bar shi. Gwaggo ta rufe mani baki da tafin hannu tana salati. Can sai rediyo ya ci gaba a ɗaki.

A watan nan na sayar da kyamarata na sayi wata ta wani kamfani daban, wadda batirinta ba ya shiga tasu, nasu ba ya shiga tawa. Da gangan na yi. Na kai mashi shago ya sa albarka, kamar yadda ake yi. Ya karɓa, bai duba gilashi ba, bai duba komai ba, sai ya juya ta ya buɗe murfin ƙasa ya zaro batirin. Ya daɗe yana jujjuya shi, ya kawo shi kusa da ido yana karanta rubutun jiki, ya auna a tafin hannu.

"Wannan ba irin namu ba ne," ya ce da teburin.

"Shi ya sa na saya, Baba."

Ya maida shi, ya rufe, ya turo mani kyamarar. "Allah ya sa albarka."

Daga ranar ban sake neman batir wurin kowa ba. Na sayi nawa da yawa, na sa an yi wa jakata aljihu biyu, na samo gwangwani, na haɗa 'yar sola a gida don kada wuta ta sake yi mani wulaƙanci. Mijina yakan tsokane ni ya ce ya auri Malam ne da ɗankwali. Duk abin da Baba ke yi ina yi, har murza batir a kan tebur. Kyamarata ba ta ƙara mutuwa a gaban mutane ba, kuma ina alfahari da hakan.

Da 'ya'yana kuwa, sai ka rantse ba shi ba ne. In na kai su, zai tashi da rawar jiki ya tare su. Babbar ɗiyata ita ce amaryarshi, yana tsokanarta wai ba ta iya tuwo ba zai sake ta, tana ce mashi tsoho mai furfura wa ke son shi. Ya ɗauke su hoto a tsaye, a zaune, suna kuka, suna cin mangwaro, har batir ya ƙare ya sa wani, shi da ke ƙirga kowane ɗauka. Ina gefe ina kallo. Allah ya gani, har su na yi wa kishi, 'ya'yan da na haifa da cikina.

Da girma ya kama shi, ido ya yi rauni, hannu ya fara rawa, sai ya bar wa ƙanwata shago. Amma bai bar zuwa biki ba, kuma bai bar caji ba. Zai sa riga, ya cika aljihun dama, ya hau acaɓa ya je ya zauna a zaure ko gindin bishiya, ba kyamara, ba komai. Matasan masu hoto suka gane, in abu ya ƙwace masu sai su nufe shi. Sau da yawa nakan fito daga cikin gidan biki in gan shi zaune, in durƙusa in gaishe shi, ya ce, "Lafiya lau. Aiki na kyau?" In ce lafiya lau. Kamar zai ƙara wani abu, sai ya ce, "To madalla." Nakan ce a raina ya zo gadin Autarshi ne. Wani lokacin ma ba ta wurin, sai in ce ya yi ɓatan kai.

Ciwon ajalinshi bai yi tsawo ba. Muna jinya mu uku, ni da Inna da ƙanwata. Ko a kwance, in ya ji fanka ta motsa sai ya buɗe ido ya ce, "An kawo wuta? Auta, jona." Ni ke dama mashi kunu, ni ke danna mashi ƙafa, ni ke juya shi. In na daɗe a zaune sai ya ce, "Ke, je ki ci abinci." In na fita sai in jiyo shi yana yi wa ƙanwata magana ƙasa-ƙasa, in na dawo su yi shiru. Ranar da zai cika ma hannunta ya riƙe. Ni ƙafarshi ce a hannuna.

Wannan shi ne Baba kamar yadda na san shi, kuma da a nan na so in tsaya. Mutum ne mai amana, mai tsari, wanda ya rufa wa mutane da yawa asiri a ranar da asiri ke tonuwa. Bai ci haƙƙin kowa ba. Ni kaɗai nake bin shi wani abu, kuma na ɗauka ya tafi da shi.

Bayan an share makoki baƙi sun watse, Inna ta ce mu shiga mu gyara ɗakinshi, ita ba za ta iya ba. Muka shiga ni da ƙanwata. Rigarshi ta ƙarshe na rataye a ƙusa, ta karkace gefen dama. Ƙanwata ta sauke ta, ta zauna bakin gado, ta shiga ciro batura tana jerawa kan zanin gado. Ni ina naɗe tabarma, ina kallonta ta wutsiyar ido, ina jira in ji ta ce ya bar mata su. Ai ba sai ta faɗa ba, wa zai ba in ba ita ba?

Sai ta ciro wani daga can ƙasan aljihun, cikin leda. Ba shi da ɗigon jan farce. Tun daga nesa na gane shi, don irin shi nake sawa a kyamarata kullum.

"Yaya," ta ce, "wannan naki ne."

"Ban bar batir a gidan nan ba."

"Ba ki bari ba. Shi ya saya."

Na ajiye tabarmar. Ta ce tun makon da na kai mashi sabuwar kyamara ya rufe shago ya ja ta suka zagaye kasuwa, ba a samu irin shi ba, sai da ya ba wani direba sautu daga Kano. Cajarshi ba ta cin irin wannan, ya sayi wata, ya ce ta ajiye a gidanta don kada Inna ta gani ta yi mashi dariya. Ita ke yi mashi caji ta kawo mashi. Duk bikin da ya ji ni ce mai ɗauka, sai ya tambaye ta unguwa da gida, ya sa shi a aljihu ya tafi ya zauna.

"Ya ce wata rana zai mutu maki, ki fito."

"Bai mutu ba," na ce.

"Ya sani. Yakan dawo ya ce, yarinyar nan ba ta da sakaci ko kaɗan. Yana faɗa yana murmushi." Ta juya batirin a hannunta. "Wannan ma ba shi ne na farko ba. Biyu sun tsufa a aljihunshi, ba a taɓa sa su cikin kyamara ba. In ya murza ya ga ya fara juyawa sai ya sake ba da sautu."

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Shekara da shekaru kina gani ina gaishe shi a zaure ina wucewa. Mi ya hana ki faɗa mani?"

"Ya ce kada in faɗa."

"Ke ya ce wa."

"Yaya..."

"Ke ya faɗa wa. Ke kika je kasuwa da shi, ke kika yi caji, ke kika ji yana yabona. Ni mi na ji ban da 'je ki ci abinci'?"

Ta fara kuka, ni ma na fara, amma ba kuka ɗaya muke yi ba. Ita tana kukan uban da ta sani ne ciki da waje. Ni kuwa ina kukan wanda ya zauna a zaure yana jirana da abu a aljihu, ni ina jiranshi ya kira ni, kunya ta hana shi, zuciya ta hana ni, har ƙasa ta rufe mashi ido. Na so in ji sanyi a raina, kuma na ji, ba zan ɓoye ba. Amma kishin bai tafi ba, ƙaruwa ma ya yi. Da ina kishin batura ne. Yanzu na san har son da yake yi mani ita ya ba ajiya.

Inna ta jiyo mu ta zo bakin ƙofa ta tsaya, ba ta shigo ba. Ta ce, "Ku yi mashi addu'a, kuka ba ya kai mashi komai. Allah ya ji ƙanshi, ya yafe mashi, ya haskaka kabarinshi, ya rufa mashi asiri yadda shi ma ya rufa wa bayin Allah. Allah ya haɗa ku da shi inda ba a jin kunyar kowa."

Muka ce amin.

Ƙanwata har lokacin hannunta na miƙe, batirin na kan tafinta. Ta ce, "Cike yake, Yaya. Ranar Litinin na yi mashi caji, shi ya ce in yi."

Na daɗe ina kallon rigar da ke kan gado, aljihun ya lafe ba komai a ciki. Sannan na miƙa hannu na karɓa, daga hannunta.